Ma'aunin Zafi a Shagon Aski

Abin bai wuce girman akwatin ashana ba, fari, da 'yar igiya a samansa. Masu bincike daga jami'a ne suka zo da irinsa a farkon zafi, suna bai wa gida ɗaya a kowane layi. Za a rataye shi a ɗakin kwana ya yi ta auna zafi har wata biyu. Layukan da suka fi gasuwa za a shafa wa kwanon rufinsu farin fenti mai mayar da rana, a kuma dasa musu itatuwa.

Mutanen layin ba su ɓata lokaci ba suka zaɓi Mai Aski.

"A kai ɗakin Innarsa," in ji Tela. "Can ko ɗanyen ƙwai ka manta a kan tabarma, ka dawo da gishirinka."

Da baƙuwar fuska ce ta kawo abin, da shi ke nan. Amma wadda ta sauko daga mota da jaka a kafaɗa ita ce yarinyar da suka zauna benci ɗaya a aji da Mai Aski, wadda yake tura wa amsar lissafi ta ƙarƙashin tebur kafin ya jefar da makaranta. Yanzu Dakta abokan aikinta suke ce mata.

"Sarkin lissafi! Ashe kana duniya?" ta ce, tana duba shagonsa: madubai uku, tayil, silin, ga na'urar sanyaya ɗaki tana hura iska. "Lallai ka more. To muje ka nuna min inda kake kwana."

Nan take ɗakin nan na Inna ya faɗo masa a rai. Ƙofar da sai an sunkuya. Kwanon da yake taɓawa da hannu ba tare da ya yi ɗage ba. Labulen da ya raba katifarsa da gadon Inna, da bokitin da take jiƙa tawul a ciki. Duk abin da ya samu shago ya zuba wa, gida kuma kullum sai baɗi.

Bai san lokacin da ya ɗaga labulen ƙuryar shagon ba, inda yake ajiye doguwar kujera da tawul ɗin aski.

"Nan nake kwana," ya ce.

Ta rataye abin a ƙusa, ta rubuta lamba, ta tafi. Duk Asabar takan leƙo ta kwashe bayanan da wayarta, su yi dariyar malamin da ke barci a aji. Sau uku ya shirya gaya mata gaskiya. Sau uku ya ɓuge da tambayarta ko za ta sha ruwa.

Ranar bayyana sakamako aka tara su a wani aji na firamare da la'asar, manya a takure kan bencin yara. Dakta ta manna taswirar unguwar a allo. Ko'ina jajayen ɗigo ne, kamar ƙurajen zafi a bayan jariri. A tsakiyarsu akwai shuɗi guda ɗaya.

"Wannan layinku ne," ta ce. "Shi ya fi ko'ina sanyi. Don haka bana ba ya cikin waɗanda za a yi wa fenti."

Sai Tela ya kwashe da dariya.

"Jama'a, ashe a firij muke zaune ba mu sani ba! Gobe zan fara ɗinka muku rigunan sanyi."

Makaniki bai yi dariya ba. Ya miƙe, benci ya yi ƙara.

"Dakta, da girmanki. Ko dai abin naku ya lalace, ko kuma wani layin ya san hannun da ya gaisa da shi. 'Yata wata biyu ba ta yi barcin kirki ba."

Fuskar Dakta ta canza. Ta ce an gwada na'urar kafin a kawo, lafiyarta ƙalau. Surutu ya kaure. Mai Aski yana can baya, ya ƙura wa yatsun ƙafarsa ido, gumi na bin bayansa.

Sai ya ji muryar Inna. Tana zaune a gaba, jiƙaƙƙen tawul a wuyanta. Ba ta taɓa ganin abin da idonta ba, kuma tun makon farko ta daina tambayarsa yaushe za a kawo.

"Ku yi haƙuri, 'ya'yana," ta ce. "Laifina ne. Na ga abin mutane ne, na ji tsoron kada zafi ya ɓata shi, shi ne nake lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma."

"Haba Inna!" in ji Tela. "Ke kina dahuwa, kina yi wa ƙarfe fifita?"

Aka fashe da dariya, har da masu tafawa. Inna ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo inda ɗanta yake ba. Dakta ce ta waiwayo. Ita ta san ƙusar da ta rataye abin da hannunta, kuma ta san babu tsohuwa a can.

Mai Aski ya miƙe. Gwiwarsa ta bugi tebur.

"Inna ba ta taɓa shi ba. Bai ma taɓa shiga gidanmu ba. Yana shago, cikin sanyi. Ni na ce mata can nake kwana."

"Don me?" in ji Makaniki.

Amsar tana zaune a gaba da tawul a wuya, kuma kowa ya gane ta.

Dakta ta naɗe taswirar a hankali.

"Saura kwana goma mu miƙa sunayen layuka," ta ce. "In na samu awon mako guda daga ɗakin gaskiya, zan kai wa shugabanmu. Ban yi alkawarin zai karɓa ba."

Mai Aski da kansa ya ciro abin daga shago, shi ya wuce gaba, rabin layin na biye da su. Bai taɓa sanin hanyar gidansu tana da tsawo haka ba. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Shigo, 'yata," in ji Inna daga ciki. "Sunkuya, ƙofar tamu ba ta san dogaye ba."

Dakta ta shiga. Zafin ya tare ta, ta ɗan ja numfashi. Ba ta kalli katifar ba, ba ta kalli bokitin ba, kuma ba ta kira shi sarkin lissafi ba. Ƙusa kawai ta nema. Inna ta sauke carbinta daga wadda ke saman gado, ta ce ga wuri. Kafin Dakta ta gama rubuta lambar, gumi ya ɗiga a kan takardarta.

Yana nan a bakin ƙofa, hannuwansa a baya.

"Kai kuma ka tsaya kamar baƙo," in ji Inna. "Miƙo mata mafici mana."