Ƙanƙarar Fo Selom

Sau biyu ina faɗuwa kemistiri, ɓangaren da ya haɗu da fiziks. In na sake faɗuwa, jami'a za ta sallame ni, in tattara in koma Kpalime gonar babana.

Mu uku muke karatu a tsakar gidan su ƙawata Enyonam a Lome, gaban bangon da muka shafa wa baƙin fenti ya zama allo. Dokarmu, a raba babi-babi, kowa ya tashi ya koyar da nasa. Da aka zo rabo, babbanmu Fo Selom, wato Yaya Selom a yarenmu, ya ɗora min babin zafi da makamashi, ainihin wanda ya kayar da ni. Na ce a raina, wannan ai mugunta ce tsagwaronta.

Na kwashe mako ina hadda, na tashi na cika allo da lissafi. Ina juyowa ya ɗaga hannu, bakinsa cike da shinkafa da wake.

"Mawuena, ban gane ba. Me ya sa ƙanƙara ke narkewa da kanta?"

Na nuna masa layin.

"Wannan rubutu ne. Faɗa min da baki."

"Fo, kanka dutse ne?"

"Haka aka haife ni. Sake."

Enyonam har da riƙe ciki don dariya. Kullum haka, tambaya kan tambaya, kamar yaron da aka goyo zuwa kasuwa. Ran nan na jefe shi da alli, na yi kuka don takaici. Amma don in rufe masa baki na daina hadda, na shiga neman dalilin kowane layi, har na iya bayani ba allo.

Ranar jarrabawa da safe na tarar da cincirindo a gindin mangwaro, ƙofar zauren. Fo Selom ne a tsakiya, yana warware wa 'yan ajinmu babin nawa tiryan-tiryan, ko takarda babu a hannunsa.

Na yi turus. Enyonam ta zungure ni.

"Ke kaɗai ce ba ki sani ba. Bara shi ya fi kowa maki a gwajin babin nan."

Ya hango ni, ya sosa ƙeya. Na buɗe baki in zage shi, sai hawaye. Na kama hannunsa da hannu biyu.

"Na gode, Fo. Allah ya saka."

"Share fuskarki, malama," ya ce. "An fara kiran suna."