Kifin Bana Ba Maiƙo

Na tsaga cikin kifin da mijina Aputsiaq ya kamo ta ramin da ya huda a ƙanƙarar da ta rufe teku. Hantar ta yamushe, tumbin cike da 'ya'yan kifi sirara kamar zare.

"Su ma yunwa suka sha," na ce. "Bara ƙanƙara ta narke da wuri, ƙwarin ruwan da suke ci ba su yi kitse ba."

"To malama, wannan karnukanmu za su ci su ja kaya a kan ƙanƙara?" in ji Aputsiaq.

Ban yi dariya ba. Karen da ba za ka iya ciyarwa ba, da hannunka kake harbe shi.

Da mijina ya ɗauki bindiga, na ja 'yata Nivi ɗaki na toshe mata kunnuwa.

"Inna, sake min kunne ɗaya," ta ce. "In ji ko karena yana haushi har yanzu."