Kakan Munzali da Jirgin Ƙasa

To, Malam Munzali tela na unguwar Maitumbi a Minna zai yi wa ɗansa aure, amarya daga Bida. Biki ya matso sai wani mai kawo masa ɗinki ya nuna masa shafi a kundin ilimi na intanet, wai kakan Munzali, Sharif, shi ne direban da ya fara shigo da jirgin ƙasa Minna. Zo ka ga murna! Nan take ya aika wa maroƙi, ya ce a sa wannan cikin kirarin gidansu ranar biki, surukai su ji.

'Yarsa Rukayat kuwa tana cikin masu gyara kundin nan. Suna da wata manhaja da aka koya wa karatu, tana bin shafuka tana nuna waɗanda suka yi kama da ƙage.

"Baba," in ji ta, "manhaja ta sa wa shafin nan alama."

"Ita manhajar ta san kakana ne?"

"Ba ta san shi ba. Amma ta ce littafin da aka kafa hujja da shi babu shi ko'ina. Mun bincika da kanmu, haka ne."

"Au, ke da na'urarki za ku sauke min kaka daga jirgi?"

"Baba, dangin amarya akwai tsofaffin ma'aikatan reluwe. In maroƙi ya faɗa, wani ya tuntsire da dariya fa?"

Ba abin da Munzali yake tsoro kamar kunya gaban surukai. Washegari ya hau keke napep sai gidan Gwaggo Nana Khadija, ƙanwar mahaifinsa. Da ta ji, ta yi dariya har da tari.

"Direba? Kai, Munzali! Babanmu ko keke bai iya ba. Fitilu yake gyarawa a bakin tasha. Ma'aikatan jirgi su kawo, ya liƙe da dalma, ya sauya lagwani. Wadda ya taɓa, iska ba ta kashe ta."

Masu gyara suka cire shafin, Munzali kuma ya sake aika wa maroƙi. Ranar biki muryar maroƙi ta tashi: "Jikan Sharif mai fitila, gidan da ya haska tasha!" Mutanen Bida suka gyaɗa kai, ba wanda ya yi dariya. Gwaggo ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce a ƙaro mata shinkafa.