Kawunan Jatan Lande

Ni ce na hana a sa hannu a takardar fitar Sharifa, ba zan ɓoye ba. Ƙanena Jumare ya rasu a 1984, ya bar matarsa Norhata, Musulma 'yar Filifin mai aikin jinya, da 'yarsu Sharifa mai shekara biyar. Da ta fita takaba ta ce za ta koma ƙasarsu da yarinyar. Amma yarinya ba ta fita sai yayanmu Ƙasimu ya sa hannu, shi ne waliyyi, shi kuwa tun muna yara ba ya tsallake maganata. Na ce jininmu ba ya barin Madina. Ni ban taɓa haihuwa ba, wannan ma ba zan ɓoye ba.

Na shirya rigima, Norhata ba ta ba ni ba. Saura kwana uku ta tashi, ta zo gidana a unguwar Ƙuba da Sharifa da wani kwali mai sanyi. Jatan lande ne na kogi, manya-manya, irin wanda ake kawowa Jidda a daskare.

"Ya ukti, 'yar'uwata, in zazzaɓi ya kama ta, wannan bas, shi kaɗai take ci," ta ce da karyayyar Hausarta. "Ki koya."

Shekara shida ina kiran abincin nan ƙwari. Na haɗiye, na ce to. Ta shiga sallar azahar, ni kuma sarkin rawar kai na ɗau wuƙa na fille kawunan duka na zuba a shara, yadda nake gyara kifi. Da ta fito ta gani, sai ta durƙusa gaban kwandon tana tsince su ɗaya-ɗaya tana wankewa. Matar da ko ranar da aka hana ta 'yarta ba mu ga hawayenta ba, ga ta tana kuka.

"Kitsen a kai yake, Halimatu. In ba kai, ba za ta ci ba."

Kunya ta kama ni. Na bi abin da ta ce. Da almakashi ake rage gashin bakin, a bar sauran. Na soya albasa da tafarnuwa da ɗanyar citta, na barbaɗa kurkum. Kwakwar da muka goge sau biyu ake matse ta: matsin farko mai kauri a ajiye gefe, na biyu shi ke shiga tukunya, wuta ƙasa-ƙasa. Jatan landen na yin ja ta sa na zuba mai kaurin da barkono biyu, ta ce in sauke kafin ya yi tauri.

Don shirun ya ishe ni na tambaye ta tafiyar. Ta ce daga Jidda zuwa Manila ya fi awa goma, sannan a sake hawa ƙaramin jirgi. A yawaita shan ruwa, a cire takalmi don ƙafa na kumbura, a riƙa tashi ana ɗan takawa. Yaro kuma a ba shi dabino ya tsotsa lokacin sauka, saboda ciwon kunne. Ta faɗi wannan ta tsaya, ta juya tana goge murhu da yake fes.

Da abinci ya huce ta ce ni zan ba Sharifa, ita za ta laɓe bayan ƙofa, yarinya ta saba da hannuna. Na fasa kan, na cuɗa kitsen da shinkafa yadda ta nuna mini. A raina ina jiran Sharifa ta ture. Ba ta ture ba. Ta cinye tas, ta lashe yatsana, ta ce da Larabci, "Ammati," wato gwaggona, "kamar na ummi."

Daga bayan ƙofa na ji Norhata ta ce alhamdu lillahi. Har cikin ranta ta faɗa, shi ne abin da ya karya ni. Uwa tana gode wa Allah don 'yarta za ta iya rayuwa ba ita, ni kuma na tsani kaina a zaune a wurin.

Bayan la'asar na hau bas zuwa unguwar Anbariyya, na sami Ƙasimu a shagonsa yana auna wa wani yadi. Na jira mutumin ya fita, na ajiye masa takardar a kan tebur.

"Yaya, sa hannu."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Halimatu, ke kika ce a'a. Kin san in ta tafi da wuya ki sake ganin ta?"

"Na sani. Yi sauri, don Allah, ban yarda da kaina ba."