Shukokin da Ta Datse zuwa Gwiwa

Shekara goma sha takwas Baba ya yi yana kula da lambun kamfanin, kuma albarkacin aikin ne aka ba su ɗaki biyu a bayan ofis. Da ɓarin jikinsa ya shanye, manaja ya ce duk wanda ya karɓi almakashi shi zai zauna a ɗakunan. Washegari 'yarsa ta fito sanye da rigar aikinsa, ta nannaɗe hannu. Aikin gona ta karanta a jami'a, ta shekara biyu tana yawon neman aiki. Direbobin kamfanin suka raɗa mata suna Mai Digiri.

A gefen hanyar shiga akwai shukoki goma sha biyu, irin masu jan fure kamar burushin wanke kwalba. Duk wata Baba yakan aske su su zama dunƙule-dunƙule, don haka manaja yake so. Ita kuwa ta san a bakin reshe furen ke fitowa, kuma bakin reshen ne almakashi ke ci. Shi ya sa ba mai tuna rabon da ya ga ja a jikinsu. Ta cusa hannu cikin ɗaya: waje kore shar, ciki ƙirare. Ba ta tambayi kowa ba. Ta ɗauko zarto ta datse su duka zuwa gwiwa, don su fito da sabbin rassa.

Manaja ya zo ya ƙare wa kututturan kallo. Daga bisani ya ba ta wata biyu: in ba su yi toho ba, ita da Baba su kwashe kayansu.

Direbobi suka samu abin yi. Ɗaya ya ce ashe digirin na saran itace ne, wani ya roƙi ta ba shi rassan ya kai wa matarsa ta hura wuta. Takan wuce su da bokiti, kai a sama. Abin da ya fi ci mata rai a gida yake. Baba ya hango aikin ta taga, ya juya fuska bango. In ta gaishe shi ya amsa, in ta miƙa magani ya karɓa, daga nan shiru. Ta gane cewa da zarton nan tamkar ta ce masa aikin shekarunsa kuskure ne, a gaban kowa. Amma ta kasa ba shi haƙuri, don ita dai ta san daidai ta yi.

Safe da yamma tana ba kututturan ruwa, ta lulluɓe gindinsu da busasshen ganye. A mako na biyar tara suka yi toho, ganye ja-ja mai laushi. Ukun da ke kusa da bango kuwa suka yi baƙi, da ta ƙara musu ruwa sai suka fara wari.

Ran nan tana wanke hannu Baba ya kira ta da harshensa mai nauyi.

"Sau nawa kike shayar da na jikin bango?"

"Sau biyu a rana, Baba, kamar sauran."

"To ke kika kashe su. Akwai tsohon kankare a ƙarƙashinsu, ruwa ba ya wucewa. Ni sau ɗaya a mako nake ba su."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kin tambaye ni?"

Ta ajiye sabulun. Ta ce a'a, ba ta tambaya ba.

Ranar da wa'adi ya cika ba ta jira a kira ta ba. Ta shiga ofishin manaja ta ce tara sun rayu, uku ita ta kashe su da ruwa. Ya fito ya bi layin sau biyu, yana duƙawa yana taɓa tohon. Ya tambaye ta yaushe za a ga jan. Ta ce baɗi, muddin ba wanda ya sake aske su, kuma in furen ya bushe a bayansa kaɗan ake yanka. Ya ce ta tumɓuke matattun kafin baƙi su gani, ita da Baba su ci gaba da zamansu.

Ta koma gida ta zauna a ƙasa kusa da gadon Baba, ta tambaye shi ina da ina kuma akwai kankare a lambun. Ya gyara kwanciya ya fara lissafa mata, wuraren kuwa da yawa.