Tudun da Ya Kaɗa Kunne

Ina kwance a garkata ta Jiratawa, daren da layin ban-ruwa ya zo kaina, sai na ji wata ƙara daga wajen gulbi. Ta yi kama da kakakin da ya tsage, ta kuma yi kama da birkin babbar mota. Karnuka duk suka yi tsit.

Da safe Idirisa, maƙwabcina a garka da kuma gida a Maraɗi, ya ce begilar soja ce. Shekarar yajin aiki ce, albashi ba ya fita, kowa kunnensa na jikin rediyo. Muna cikin gardama na rufta wani rami a tsakiyar albasa. Na tsuguna na shafa shi. Zagayayye ne kamar faifai, ƙafafuna biyu suka shige har da saura.

"Giwa ce!" na ce.

"Kai Rabo, da ba ka raba akuya da tulu, kai ne mai ganin giwa?"

Gaskiyarsa. Idona ya daɗe yana dusashewa, lokotoron asibiti ya ce kafin damina sai dai a ja ni da sanda. Tun ɗan zaman da na yi a lekol, makarantar boko, na ga hoton giwa da na duwatsun Abzin a bango, na ci alwashin sai na gan su. Yanzu tawaye ya rufe hanyar Abzin. Giwa kuwa ga ta ta zo har garkata ta yi sallama.

Na tayar da gida. Ɗana Maman Lawali ya wanke motarsa mai buɗaɗɗen baya, matata Tasalla ta yi dambu ta ɗauro rake, jikoki suka cika bayan mota tunda lekol a rufe take. Muka biya Tsibiri muka ɗauko Jatau mahalbi, wanda ya ce giwayen suna dajin Baban Rafi. Waƙa ake yi har muka bar kwalta.

A bakin daji Jatau ya bar yara a mota da ubansu. Ya kaɗa toka daga wani tsumma ya ga inda iska ta nufa, ya ce kada wanda ya yi tari. Muka bi shi ni da Tasalla. Shi yana duban ƙasa, ita tana duban ƙaya, ni kuwa abin da ke nesa duk hayaƙi ne gare ni.

Can ta hannun hagu na hango wani tudu mai ruwan toka ya fi itatuwa cika ido. Daɗi ya kama ni.

"Tasalla, ashe akwai dutse a ƙasarmu! Zo mu sha inuwa."

Na nufe shi. Wani wari kamar na garke ya buge ni, na ji ruguniya kamar hadari daga cikinsa. Tasalla ta damƙe mini riga.

"Malam, tsaya! Dutsen naka numfashi yake."

Sai tudun ya kaɗa kunne. Wallahi na gani! Kunne kamar tabarma, haure fari tas, hanci ya miƙo yana lalube a iska yadda nake lalube bango da asuba. Jatau ya ce ƙasa-ƙasa, "Uwar daji, gaisuwa muka kawo." Tasalla ta jefa raken da ke hammatarta. Hancin ya naɗe shi, muka ji ƙaras, mu kuma muka ja da baya da baya, bakina ya ƙi rufuwa.

Da la'asar sakaliya unguwa ta taru a ƙofar gidana. Na kwatanta kunne da babbar rigata, yara na ta ihu da dariya. Na ji sallamar Idirisa, na yi zumbur na miƙa hannu.

"Na gan ta! Har gashin wutsiyarta na gani!"

Ba wanda ya kama hannun. Ashe ginshiƙin rumfa na miƙa wa. Dariyar ta tsaya. Idirisa ya zagayo ya riƙe ni, ya matso da fuskarsa dab da tawa.

"Rabo, yanzu ni kana ganina kuwa?"