Akwatin Wanjohi Ya Yi Kaɗan

"Sha biyu ka rubuta a jiki, Gitau. Ga shi da alli, sha biyu!"

"Haba Malam," in ji Gitau mai shagon katako, "sunan katakon ke nan. Da ɗanyensa aka auna. Ya bushe, inji ya goge shi, ya koma inci sha ɗaya da kwata. Duk garin Elburgon wa bai san haka ba?"

Malam Gathogo dai bai sani ba. Shekara talatin yana koyar da lissafi, ko ƙusa bai taɓa bugawa ba sai da ƙanensa Wanjohi ya rasu, ya rantse shi zai haɗa akwatin gawar da hannunsa. Kafintoci har uku suka yi tayi, ya ce a'a. Ya jera katako biyu, ya lissafa faɗi ashirin da huɗu, bai ko ɗauko tef ɗin awo ba.

Da safen nan aka je ɗauko gawar, kafaɗu suka ƙi shiga. Wanjohi kuwa, Allah ya ji ƙansa, ba gidan da ake tuƙa tuwon ugali a unguwar da bai san lokacin saukewa ba. Ƙarfe biyu za a binne shi, ga fasto ya iso, mata sun fara waƙa.

Gathogo ya so ya ji fushi, ya laluba cikinsa bai samu ba. Tun ranar Talata da aka yi rasuwar, shayi ma kamar ruwa yake jin sa. Kallon ƙurar katako kawai yake a kan takalminsa na coci.

"Ku ɗan karkata shi mana," in ji Gitau. "Ai ba zai yi ƙorafi ba."

"Uwa ɗaya ta haife mu, Gitau."

Gitau ya sosa ƙeya, ya shiga ciki, ya fito da wani siririn katako. "Ka ɓare gindin akwatin, ka sa wannan a tsakiya. In an shimfiɗa farin yadi ba mai gani."

"Nawa ne faɗinsa?"

"Biyu."

"A bakinku ko a tef?"

"To... ɗaya da rabi."

Gathogo ya lissafa a ransa. Daidai abin da ya ɓace ke nan. Zai kwantar da ƙanensa a kan faci, kuma kafin a gama addu'a matar Gitau ta gaya wa kowa.

Ya saɓa katakon a kafaɗa, bai ce an gode ba. Ya fita, ya buga ƙofar shagon har allin da ke kan tebur ya gangaro ƙasa.